Kaya sun isa, mai saye ya ce ba ya so: a juyo da su, a bar su a can, ko a tsaya a kan ciniki?

Ƙarfe huɗu na yamma ta gota, a tsakiyar watan Agusta, direba ya kira ni daga Saminaka. "Alhaji, ga mu a ƙofar shagon, amma mutumin nan ya ce kada a sauke ko katan ɗaya." Ta wayar ina jin ƙarar injin motar da hayaniyar 'yan dako da suka taru suna jiran a yaye tamfol. Na kira mai shagon. Bayan doguwar gaisuwa ya ce, "Wallahi Alhaji ka yi haƙuri, kasuwa ce ta juya. Jiya mota ta shigo daga Kano, farashin katan ya sauka." Hadari na haɗuwa, direba na so ya wuce Pambeguwa da sauran haske, ni kuma ina tsaye a bakin sito a Kaduna, ba ni da fiye da minti goma na yanke shawara a kan katan 200 na sabulu.

Na ce a juyo da kayan, don zuciya ta ɗebe ni. Bayan kwana biyu na zauna da biro da takarda, sai na ga a cikin hanyoyin da ke gabana a ranar, mafi tsada na ɗauka.

Duk mai sayar da sari ga masu shaguna, makarantu, gidajen biredi ko 'yan kwangila zai gamu da irin wannan rana, ko a Kasuwar Sheikh Gumi yake, ko a Kasuwar Barci, ko yana da ƙaramar masana'anta a Kakuri ko Kudenda. Abin ya fi yawa idan farashi na sauka. A 2024, lokacin da kaya ke tashi kusan kowane mako, masu saye ne ke roƙon a kawo musu. Da farashin hatsi ya karye a 2025, sai kiɗa ya canza: wanda ya yi oda ranar Litinin yana iya ganin ya faɗi tun kafin mota ta iso ranar Laraba. Ga shi tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mota ya daina zama abin da ake kawar da kai a kansa.

Tambayar farko: laifin wa?

Kafin a auna komai sai an raba hatsi da tsakuwa. Idan kai ka aika abin da ba shi aka ce ba, ko ƙirga bai cika ba, ko kaya sun iso da aibi, ko an yi da kai kafin sallah ka kai bayan hawan idi, to babu wani zaɓi da za a tattauna. Ka karɓi kayanka, ka biya mota, ka ba da haƙuri. Dokar cinikin kaya ta Ingila ta 1893, wadda muka gada kuma dokokin jihohi da dama suka bi sawunta, ta ba mai saye damar duba kaya kafin ya amsa, da damar ƙin su idan sun saɓa wa abin da aka siffanta ko adadin da aka yi ciniki. Ba ta ma ɗora masa nauyin mayar da su ba: ya isa ya sanar da kai cewa bai karɓa ba, kai za ka je ka kwaso. A fiƙihu ma zaɓin mayar da kaya saboda aibi sananne ne.

Kwatancin da ke tafe na ɗaya ɓangaren ne, inda kaya lafiya lau suke, mai saye ne ya yi nadama. Ko kasuwa ta karye, ko kuɗin da yake jira ba su zo ba, ko ya samo mai araha, ko kayan sun yi masa kwantai ya ga gara su koma inda suka fito. A nan ma akwai bambanci tsakanin wanda ya ƙi kaya a bakin ƙofa da wanda ya sauke, ya ajiye mako uku, ya sayar da katan 30, sannan ya aiko da saura. A idon waccan doka, wanda ya riƙe kaya ya wuce lokacin da hankali zai ɗauka bai ce uffan ba, ko ya fara sayarwa, ya riga ya karɓa. Wasu kan kafa hujja da dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018 da hukumar kare masu saye ta tarayya, FCCPC, ke aiki da ita, alhali an tsara ta ne don mai sayen abin amfaninsa, ban da mai sarowa ya sayar.

Ma'aunai huɗu nake ɗora kowace hanya a kai: abin da zai fita daga aljihu, ƙarko, wato jimirin kayan da kuma jimirin hulɗar, sauƙin aiwatarwa a ranar da abin ya faru, da haɗarin da ke ɓoye.

Hanya ta ɗaya: a warware ciniki, a juyo da kaya, ba tare da an caji kowa ba

Wannan ita ce iƙala a bakin malamai, kuma hadisi ya yi alkawarin Allah zai yafe tuntuɓen wanda ya yarda ya warware wa ɗan uwansa cinikin da ya yi nadama. Ba na raina ta. Akwai mutumin da ya shekara goma yana saye a wajenka, bai taɓa riƙe maka ko sisi ba, yau ya wayi gari da marar lafiya a asibiti. Irin wannan ba a tsaya masa da lissafi.

Amma a san kuɗinta. A ce katan 200 ne, ka saro kowane a naira 9,000, ka sayar 10,000. Mota da lodi da saukewa sun ci 80,000, ribar da kake tsammani 120,000. Idan kaya suka juyo, 80,000 na zuwa sun tafi, ga wasu 80,000 na dawowa. Kayan da aka loda aka sauke sau biyu ba sa dawowa yadda suka fita: a ce katan biyar sun fashe ko ruwa ya taɓa su, 45,000 ke nan. Ranar da ka sami wani mai saye kuma za ka sake biyan mota. Ko ka sayar da sauran 195 a farashin farko, za ka tashi da faɗuwar naira 90,000 a cinikin da ya kamata ya kawo maka 120,000. Kuma ban sa kwanakin da uwar kuɗinka ta kwanta ba.

Sauƙinta babu kamarsa, waya ɗaya ce. Hulɗa kuma tana ƙara danƙo. Haɗarinta shi ne labari ya fi mota gudu a kasuwa. Idan layi ya san kana karɓar kaya ba tambaya, sitonka ya zama na kowa: a yi oda da yawa, abin da ya shiga a biya, abin da ya yi kwantai a aiko maka.

Hanya ta biyu: a karɓa, amma da sharaɗi

Nan mai saye ne ke ɗaukar kuɗin mota na zuwa da dawowa da duk abin da ya lalace, wani lokaci da ɗan kason da aka yi yarjejeniya a kai tun farko. Kuma maimakon a mayar masa da tsabar kuɗi, sai a yi musanya da wasu kaya ko a rage daga bashin da ke kansa. Ga wanda ke da kwastomomi da yawa na dindindin, ban ga tsarin da ya fi wannan ɗorewa ba, don kowa ya san matsayinsa kuma nadama tana da farashi.

Sai dai tana da ƙafa biyu, in babu ɗaya ba ta tsayuwa. Ta farko, sharaɗin ya riga lodi. Idan ranar rikici ka fara ambatonsa, mai saye zai ga zalunci ne, kuma shugabannin kasuwa ba za su goyi bayanka ba. Layi uku a bayan rasit sun isa, ko saƙon WhatsApp da ya amsa da "na yarda": kwana nawa ke gare shi ya yi ƙorafi, wa zai biya mota, wane irin kaya ne ba a mayarwa. Ta biyu, a sami abin da za a cire kuɗin a ciki. Wanda ya karɓi kaya bashi, bai ba da ko kwabo ba, kuma ba ya da niyyar sake saye, takarda kawai kake riƙe da ita a kansa.

Wajen karɓar kayan ne aka fi cutuwa, don haka zan ɗan tsaya a nan. Kada yaron shago ya sa hannu a takardar rakiyar kaya, wadda 'yan tasha ke kira webil, sai an ƙirga a gaban direba. A buɗe katan daga tsakiyar lodi, ba na sama kawai ba. A duba selotef, ko an yanka an sake liƙewa. A gwada lambar rukunin da ke jikin katan da wadda aka rubuta ranar fita. Na taɓa karɓar katan 40 na madarar gwangwani da suka dawo, fes da su a waje. Bayan wata biyu wata Hajiya mai gidan abinci ta kira ni tana faɗa, "Alhaji, me ka aiko mini? Saura sati uku wa'adinsu ya ƙare!" Ashe tsoffin kayan da suka daɗe a shagon wancan aka cusa mini, aka riƙe sababbin nawa. Haka ake shigar da jabu cikin batir, man inji da kayan gyaran mota. Kayan da suka dawo su zauna a lungu na daban sai an gama tantance su. Wanda kuma ke karɓar harajin VAT na kashi 7.5 cikin 100 ya tabbatar ya rubuta takardar da ke nuna an soke cinikin ko an rage shi, don kada ya biya haraji a kan abin da bai sayar ba.

Akwai kayan da wannan hanya ba ta karɓe su ba sam: ƙwai, yogot, biredi, kajin da aka yanka, allurar rigakafin kaji da duk maganin da ke buƙatar sanyi. Ba ka san inda suka kwana ba, ba ka san awa nawa aka yi babu wuta ba. Siminti ma da damina, in ya sha danshi a shagon wani, dutse za a dawo maka da shi.

Hanya ta uku: kada kayan su sake hawa mota

Ita ce wadda ya kamata na bi ranar Saminaka. Tana da fuska uku.

Ta farko ragi. A lissafin da ya gabata, in ka sauke wa mai shagon naira 500 a katan, ka bar 100,000, ka tsira da ribar 20,000 kuma kuɗinka sun dawo a makon. Duk ragin da bai wuce 1,000 a katan ba ya fi juyo da mota. Abin da ke hana mu gani shi ne ragi yana da ciwo a take, a gaban mutane, shi kuwa kuɗin dawowa a hankali yake zubewa, nan 10,000 can 20,000. Sharaɗina ɗaya: ragin bakin ƙofa na kuɗi hannu ne. Sai alat ya shigo ake yaye tamfol. Haɗarin a bayyane yake, akwai masu mayar da shi sana'a. Sun san mota ta yi nisa, sun san direba na sauri, sai su ƙi kaya don a rage musu. Wanda ya yi maka haka sau biyu, a na uku ba a loda masa sai ya biya.

Ta biyu a juya motar zuwa wani mai saye a garin ko a kan hanya. Mai aika kaya Kafanchan da ke da mutane a Kachia da Zonkwa, ko mai aikawa Zariya da ya san 'yan Sabon Gari da Tudun Wada, ba ya shiga tsaka mai wuya kamar wanda kwastoma ɗaya gare shi a gari. Amma da zarar an ji mota ta maƙale, tayin da za a yi maka na wulaƙanci ne, ga la'adar dillali. Kuma in kana da dila, wato mai sayar da kayanka, a garin, kayan da ka karyar za su ɓata masa kasuwa, gobe shi ma ya kira ka da ƙorafi.

Ta uku a bar kayan a hannun mai shagon ya riƙa sayarwa yana biya. Ba ta cin ko kwabo a ranar, shi ya sa take da daɗin ji, kuma ita na fi tsoro. Kayan sun zama amana, kuma ƙa'idar amana ita ce in ta salwanta ba da sakacin mai riƙo ba, asarar ta mai kaya ce. Gobarar kasuwa, ɓarayi, ɗigar rufi, duk a kanka. Sannan mutum nasa yake fara turawa, naka na bayan kanta. In dole ce ta sa, a rubuta adadi, a sa ranar lissafi, mako biyu ko wata ɗaya, a kuma tura yaro ya je ya ƙirga da idonsa.

Hanya ta huɗu: ciniki ya faɗa, ba na karɓa

Akwai inda babu makawa. Buhun da aka buga wa sunan gidan ruwa ko gidan biredi, yunifom ɗin da aka ɗinka da tambarin makaranta, ƙofar da maƙeran Panteka suka yanka daidai awon wani gini, atamfar ankon da aka yanke. Babu wanda zai saye su sai mai su. Haka kayan da lokacinsu ya wuce a hannun mai saye: takin zamani da aka karɓa a watan Yuni a ce za a dawo da shi a Oktoba, ko bargon da aka riƙe har hunturu ya fita.

Doka na tare da kai a nan. Wanda ya ƙi karɓar kaya ba bisa hujja ba yana ɗaukar asarar da ƙin nasa ya jawo, har da kuɗin ajiya daidai misali. Amma a san abin da galibi ake aunawa: bambancin farashin da aka yi ciniki da farashin kasuwa a ranar da ya kamata a karɓa. Ana kuma sa ran ka yi ƙoƙarin rage asarar, ba ka bar kaya su ruɓe don ka ƙara yawan abin da za ka nema ba. Kayan da ke saurin lalacewa kana da damar sake sayar da su.

Tsadarta lokaci ne da kuɗin lauya, kuma hulɗa ba ta cika tashi bayanta ba. Shi ya sa nake ganin a fara da shugaban layi ko ƙungiyar 'yan kasuwa, ko dattijon da ya haɗa ku tun farko. Ɗan kasuwa ya fi jin kunyar a kira shi gaban abokan sana'arsa fiye da sammaci. In an kai ga kotu, ta majistare ko ta shari'ar Musulunci, hujja ake tambaya: saƙon oda, webil mai sa hannu, hoton kaya ranar lodi, shaidar direba. Abu ɗaya da ba a yi shi ne a umarci direba ya jibge kaya a ƙofar shago ya tafi. In suka ɓace ko ruwa ya doke su, ka ƙara wa kanka shari'a ta biyu.

| Hanya | Abin da take ci | Ƙarko | Sauƙi | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Warware ciniki kyauta | Mota sau biyu da ɓarnar lodi, duk a kanka | Hulɗa na ƙarfi, kaya na raguwa | Waya ɗaya | A mayar da kai sito |
| Karɓa da sharaɗi | Kaɗan, in akwai inda za a cire | Ta fi ɗorewa ga mai kwastomomi da yawa | Sai an shirya tun kafin lodi | Musanyar kaya da tsoffi ko jabu |
| Ragi ko juya mota | Wani ɓangare na riba | Kaya ba sa wahala | Ana gamawa a ranar | A saba ƙin kaya don neman ragi |
| Barin kaya amana | Babu a ranar | Rauni gare ta | Sauƙin farawa, wuyar gamawa | Gobara, sata, kuɗi su maƙale |
| Tsayawa a kan ciniki | Lokaci, ajiya, lauya | Hulɗa kan mutu | Mafi wuya | Kaya su lalace ana jayayya |

Batun kafin alƙalami

Yawancin wannan ciwon kai ba ya tasowa idan mai saye ya ajiye wani abu kafin lodi. Wanda kuɗinsa ke hannunka yakan yi tunani sau biyu. Sai dai a kula, a mazhabar Malikiyya da akasarinmu ke bi ba a yarda mai sayarwa ya cinye kafin alƙalami don kawai mai saye ya fasa ba, Hambaliyya ce ta halatta hakan. Abin da nake yi, kuma hankalina ya kwanta da shi, shi ne mu amince tun farko cewa in ya fasa zan cire abin da na kashe a zahiri, mota da dako da abin da ya fashe, in nuna masa rasit, in mayar masa da saura. Ga sabon kwastoma, ko hanya mai nisa da haɗari irin ta Birnin Gwari inda ba a son mota ta yi zirga-zirga ba dalili, kafin alƙalamin ya kai aƙalla kuɗin mota na zuwa da dawowa.

Wace ta dace da wa

In kayanka masu saurin lalacewa ne, ko masu nauyi da ƙarancin riba kamar siminti, gishiri da ruwan leda, ka manta da juyo da mota. Ka yi ragi a karɓi kuɗi a take, ko ka juya wa wani a garin kafin rana ta faɗi. Ka riƙe lambobin mutum biyu ko uku a kowane garin da kake kai kaya.

In kana sayar da kayan da ba sa tsufa da wuri, sabulu, robobi, kayan lantarki, kuma kwastomominka a cikin gari suke, Kawo, Rigasa, Barnawa, Sabon Tasha, inda keke mai ƙafa uku zai dawo da su da kuɗi kaɗan, karɓa da sharaɗi ta fi maka. Ka buga sharuɗɗan a bayan rasit, ka koya wa yaranka duba lambar katan.

In aikin oda kake yi, ɗinki, bugu ko ƙira, kada ka taɓa almakashi ko injin sai an biya abin da ya rufe kuɗin kayan aiki, sannan ka tsaya a kan cinikinka.

In sabo ne kai a sari, jarinka bai kai ya kwana a shagon wani ba, ka guji barin kaya amana ko da wane irin daɗin baki aka zo maka. Gara ƙaramin ciniki hannu da hannu.

Warwarewa kyauta kuwa ka ajiye ta ga tsohon abokin hulɗa da jarrabawa ta same shi, ka yi ta da zuciya ɗaya, ka kuma rubuta kuɗin motar a littafinka a matsayin abin da ka bayar, don kada ƙarshen wata ka zargi yaron shago da giɓin da kai ka yi.